Bosso, garin bakin ruwa: zumunta a ƙafa take

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Amma tana da gaɓa, tana kuma da garuruwan da zamansu ya rataya ga jirgin ruwa da koma da kasuwar kifi, kamar yadda abin yake a biranen bakin teku. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bosso, a jahar Difa, inda kogin Komadugu Yobe yake gama tafiyarsa ya faɗa tabkin Cadi. Daga Yamai zuwa Difa akwai kilomita wajen 1360, daga Difa zuwa Bosso kuma sai an ƙara wajen 100. Saboda wannan nisa, da yawa daga cikinmu, har da ma'aikatan hukuma, sun ɗauki Bosso ƙarshen hanya, wurin da ake tura mutum ya zauna yana ƙidayar watanni har a yi masa canji.

Mu kuwa muna ganin Bosso ƙofa ce. Garin gaɓa da zuwa da komowa yake rayuwa. Ruwa yana zuwa yana komawa, haka kifi da tsuntsu, haka makiyayi da ɗan kasuwa da mai zuwa gaishe da dangi. Duk ranar da aka datse wannan kai da kawowa, garin ya shiga wahala ko da gidajensa suna tsaye. Don haka wanda yake son Bosso ta farfaɗo, sai ya fara da buɗe wa mutane hanya cikin tsari, ya kuma tuna da dabbobin da suke shan ruwa ɗaya da su.

Ruwan Bosso baƙo ne

Sai mu fara da ruwan, domin shi ne ubangidan kowa a can. Ruwan sama da ke sauka a wannan yanki bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, abin da ba zai riƙe gari ba. Ruwan da Bosso take dogara da shi daga nesa yake tasowa, ta hanya biyu. Ta farko ita ce Komadugu, kalmar da ke nufin kogi da Barbarci. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Su biyun suna ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗu wajen Gashuwa, sa'an nan su nufo gabas. Kafin ya kai tabki, kogin yana zama iyaka tsakaninmu da Najeriya na tsawon kilomita wajen 150. Ruwan yakan iso Difa cikin damina, ya cika ya tumbatsa wajen Nuwamba da Disamba, sa'ad da aka daɗe da cire rai da hadari, daga nan ya janye ya bar kududdufai a cikin rairayi.

Hanya ta biyu tabkin ne da kansa. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo wa tabkin Cadi, kogin Shari da na Logon ne suke kawo shi daga kudu, daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da kudancin Cadi. Sai ya cika kwarin kudu tukuna. In ya yi yawa ya tsallake tudun ciyayin da ya raba tabkin biyu, kana ya gangaro kwarin arewa inda rabonmu yake, cikin sanyin hunturu. Shekarar da bai tsallako ba, masuncin Bosso yakan rataye komarsa ya ɗauki hauya.

A farkon shekarun 1960 faɗin tabkin ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Farin 1973 ya raba shi biyu, na 1984 ya bar shi bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan faɗi ba. Gigimi, wadda a da jirage suke tsayawa a bakinta, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisa. Shekaru da dama rabon Nijar ya zama busasshiyar ƙasa, sai a ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya fara komowa. Wannan kuwa ba shi ne karon farko ba. Ayarin Kyaftin Tilho, wanda ya shata iyaka tare da Ingilishi daga kogin Isa zuwa tabki tsakanin 1906 da 1908, ya tarar da arewacin tabkin a bushe, shi ya sa daga baya Tilho ya kasa halin tabkin uku: ƙarami da matsakaici da babba. Saboda haka maganar da ake yawan yi, cewa tabkin Cadi yana mutuwa, tana bukatar gyara. Yana janyewa, yana komowa. Mutanen gaɓa sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa za ka ga gida ɗaya da koma da hauya da garke.

Yadda shekara take juyawa

A bakin kogi Barebarin Mobar ne masu ƙasa. Tun da daɗewa suke ban ruwa da jigo, suna noman alkama da albasa. Daga shekarun 1980 injin ban ruwa ya yawaita, tattasai ya mamaye fadama, har ake yi masa kirari da jan zinariya. Ana tsinkarsa kashi kashi cikin ɗari, a shanya shi a kan rairayi, a ɗura a buhu, ya nufi Difa da Maiduguri da Kano. A cikin tabki kuma, inda ruwa ya janye, ana bin laima ana shuka masara da wake da dawa, ba a jiran hadari, ba a sayen taki.

Tsibirai na Buduma ne, waɗanda suke kiran kansu Yedina. Su ne masu shanun Kuri, farare masu manyan ƙahoni da yawan nono, waɗanda suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, makiyayi yana biye da su a ruwa. Wannan iri sai a kewayen tabkin Cadi ake samunsa, shi ya sa hukuma ta kafa masa garke na musamman a Sayam don kada ya ɓace. Da rani Fulani da Larabawa da Tubawa suna gangarowa da nasu bisashe, domin a nan ne ɗanyar ciyawa take daɗewa.

Kifi kuwa shi ya jawo baƙi daga ko'ina. Masunta Hausawa sun zo daga Haɗeja da Kabi, waɗansu masunta har daga Mali. Lokacin babban tabki giwan ruwa ne abin alfahari. Da tabki ya zama fadama mai ciyayi, sai tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa suka fi yawa, domin su ne masu jure wa ruwa marar zurfi. Ana yanka kifin a gasa shi da hayaƙi ya zama banda, a ɗaure a kwali, ya bar kasuwanni irin Doro Lelewa ya bi ta Maiduguri har Anaca da Ikko. A irin waɗannan kasuwanni naira ta fi sefa gudu, kuma za ka ji Barbarci da Hausa da Fulatanci da Larabci cikin rumfa ɗaya.

Abin da yake riƙe da wannan ciniki duka shi ne masauki. Baƙon da ya taso daga Damagaram ko Maraɗi gidan fatoma yake sauka, wato mai masaukin ƴan kasuwa. Fatoma shi ne zai ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da mai jirgi, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Babu takarda tsakaninsu, sai sanin juna na shekara da shekaru. Irin wannan amana ba ta ginuwa sai da yawan zuwa, in kuwa ƙafa ta ɗauke, ita ma sai ta yi rauni.

Haka zumunci yake. Bosso da Malam Fatori ta Najeriya kogi ne kawai ya raba su. Uwa tana wannan ƙetare, ɗiyarta tana aure a wancan. Suna da biki da dubiya da gaisuwar mutuwa da gaisuwar salla duk sai an haye ruwa, da jirgi in kogi ya cika, da ƙafa in ya janye. Mai zuwa yana ɗauke da tsaraba, banda ko tattasai ko turaren wuta, ya komo da labari: wane ya samu ƙaruwa, ruwa ya kai wuri kaza, buhun masara ya tashi ko ya faɗi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Bosso, ban da zumunta, ciniki da labari da bashi da aure duk a ƙafa suke.

Wannan zirga-zirga ta girmi iyakar ƙasa. A kusa da wannan kogi Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, birnin da ya zama fadar Barno har 1808. Ayarin da ke tasowa daga Bilma yana biyowa ta Gigimi da Baruwa, ya haye Komadugu a Yo, ya nufi Kukawa. In ruwa ya cika, a kan manyan goruna da aka ɗaure da itace ake hayar da mutane da kaya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai kira Bosso ƙarshen hanya ba.

Maƙwabta masu ƙafa huɗu da masu fiffike

Matafiyan da suka bi wannan hanya sun bar mana shaida a kan dabbobinta. A 1823 Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso bakin tabki daga arewa. Denham ya rubuta cewa ya tarar da dinya da agwagi da kwasakwasa cunkus a gaɓa, ba sa ko tashi in mutum ya matso. A 1851 Barth, Bajamushen da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa zuwa Kanem, ya haye kogi a Yo, kuma a gefen tabki ya ƙidaya giwaye 96 cikin garke ɗaya sun nufi ruwa. Yaron Bosso na yau giwa sai a littafin makaranta. Bindiga da fari da yawan jama'a sun yi aikinsu.

Amma ba duka suka tafi ba. Tabkin Cadi yana da dorina da kada da guza, yana da zalɓe da gauraka da kirinjijiya. Shamuwa tana zuwa da ruwan farko ta yi sheƙa a itatuwan gari, ba mai taɓa ta. Cikin hunturu ƙananan agwagin ruwa da waɗansu tsuntsayen gaɓa suna tasowa daga Turai da Siberiya, su ƙetare hamada, su sauka a nan da fadamun Haɗeja da Nguru har sanyin ƙasarsu ya wuce. Saboda su ne aka sa rabon Nijar na tabkin, a 2001, cikin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar take karewa.

Kada mu ɓoye gaskiya, zama da dabba yana da ɗaci. Jan-baki yana iya cinye gonar dawa cikin kwana kaɗan. Dorina tana kifar da jirgi, tana tattake gona, tana kashe mutum. Sai dai mafi yawan haɗarinta yana da dalili sananne. Da rana tana ruwa, da dare take fita kiwo, ta ci ciyawa wajen kilo 40, kuma turba ɗaya take bi kullum ta fita ta koma. Wanda ya yi shuka a kan turbarta, ko ya shiga tsakaninta da ruwa da asuba, ko ya matsa wa mai ɗa, shi ne yake gamuwa da fushinta. Tsofaffin masunta sun san wannan, suna buga gefen jirgi don ta ji zuwansu, suna kauce wa inda take kwana. Baƙon manomi da yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira ba su sani ba, kuma su ne za su cika gaɓa in ta buɗe.

Wani zai ce: mutane suna fama da yunwa da tsoro, wa yake ta tsuntsu? Amsa ita ce, waɗannan dabbobi suna cikin abin da ke ciyar da mutanen. Kashin dorina taki ne ga ruwa, yana haɓaka ƙananan halittun da kifi yake ci, turbarta kuma tana buɗe mashigi cikin ciyayi inda ruwa da jirgi suke bi. Shamuwa da balbela suna cin fara tun ba ta yi fiffike ba. Inda tsuntsun ruwa ya daina sauka, alama ce kifi ma ya ragu. Mun kuma ga abin da sakaci yake haifarwa a yammacin ƙasarmu. Dokar farauta ta 1998 ta sa dorina cikin dabbobin da aka haramta kashewa, amma a Ayoru, a 2017, ɓarnar gonaki da bisashe ta kai mutane bango har aka kashe dorinai da dama, kafin hukuma ta keɓe musu wuri a shekarar. Da an saurari kukan manoma da wuri, da abin bai kai haka ba. A Kure kuwa, raƙuman dawa da ba su fi 50 ba a 1996 sun haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai, ƙauyuka suka samu abin hannu daga masu zuwa kallo, har harin Agusta 2020 ya ɗauke ƙafar baƙi. Darasin biyu ne: dabba tana iya zama dukiya in an raba amfaninta da maƙwabtanta, kuma wannan dukiya ba ta tsayuwa sai da zaman lafiya.

Shekarun da aka rufe ƙofa

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka auka wa Bosso da Difa. Cikin kwanaki kaɗan aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar, aka yi ta sabunta ta shekara bayan shekara. Aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin kifi da tattasai, aka rufe kasuwanni da dama, aka taƙaita sayen mai da takin zamani. Bayan harin tsibirin Karamga, ranar 25 ga Afrilu na shekarar, aka umurci mutanen tsibirai su fito, mutum wajen dubu 25 suka nufi Gigimi da Bosso, yawancinsu a ƙafa cikin zafin bazara. Ranar 3 ga Yuni 2016 aka sake auka wa Bosso, mutum wajen dubu 50 suka watse, suka zube a Tumur da gefen kwalta wajen Kinjandi da Garin Wanzam. Masuncin da ya saba da faɗin ruwa ya koma zaman rumfar leda yana jiran rabon hatsi.

Waɗanda suka ɗauki waɗannan matakai suna da hujja, kuma dole a faɗe ta. Maharan suna karɓar haraji a kan kifi da tattasai, suna kai hari a kan babur, suna ɓuya cikin tsibirai. Sojojinmu da yawa sun bar rayukansu a Bosso da Karamga, kuma babu mai hankalin da zai ce a buɗe gaɓa a bar ta ba tsaro. Amma shekarun sun koya mana cewa hani na dogon lokaci yana da nasa farashi. Ciniki ba ya mutuwa don an hana shi, hannu yake canjawa, ya koma ga wanda ba ya tsoron doka, ya bar talaka mai bin umurni da yunwa. Saurayin da aka raba da jirginsa da baburinsa da gonarsa, ba a ba shi wata sana'a ba, ya zama abin farautar masu kiransa daji. Hukuma ta gane haka, shi ya sa ta ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi a 2019, kuma a watan Yuni 2021 mutum kusan dubu 6 suka koma Baruwa bayan shekaru suna gudun hijira. Wannan ita ce alƙiblar da ta dace, ita kuma ya kamata a riƙe da haƙuri da tsari.

Abin da muke roƙo

Na farko, a tsara mashigin jirage. Kowane jirgi ya samu lamba a jikinsa, kowane mai jirgi ya samu takarda ɗaya da za ta ishe shi gaban soja da jandarma da ma'aikacin ruwa da dazuzzuka. Kuɗin da doka ta ce a biya a rubuta shi a allo da Hausa da Barbarci, a ba da rasit. Mutumin da aka san sunansa da jirginsa da wurin saukarsa ya fi sauƙin tsarewa, kuma shi ne zai fara gaya wa hukuma in ya ga baƙuwar fuska.

Na biyu, a kula da hanya da ranar kasuwa. Babbar kwalta ta ƙasa, wadda aka kai Gigimi da taimakon Kanada a shekarun 1970, ba ta biya ta Bosso ba, sai matafiyi ya ratse. Tattasai da banda da majinyaci da mai naƙuda duk wannan ratse suke bi. In ana gyara shi a kai a kai, ana kuma raka motoci ranar kasuwa, kuɗin mota zai sauka, abin da manomi yake samu ya ƙaru.

Na uku, a ɗauki ziyara da muhimmanci. Zuwa gaisuwar mutuwa a ƙetaren kogi wajibi ne ga mai shi. In an hana shi ta mashigin da aka sani, zai bi ta wanda ba a sani ba. Gara a ba mazauna bakin iyaka shaidar da bulama ko mai gari zai tsaya musu a kai, a sa lokacin hayewa da na komowa, tare da yardar hukumomin ƙetare.

Na huɗu, a riƙa sanar da labarin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar Komadugu ta danganta da hannun mutum kamar yadda ta danganta da hadari, ga kuma kacala da ta toshe magudanai a fadamun Haɗeja. Ambaliyar 2019 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje a kwarin Difa. Ruwan da ya wuce Gashuwa yana ɗaukar makwanni kafin ya iso Bosso, wannan kuwa isasshen lokaci ne na kwashe inji da hatsi, in labari ya zo. Hukumar kula da tabkin Cadi, wadda Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi suka kafa ranar 22 ga Mayu 1964, don irin wannan aka yi ta. Abin da ake aunawa a bakin kogi kada ya tsaya cikin takardun ofis, a karanta shi a rediyon karkara cikin harshen masu gona.

Na biyar, a share mashigan ruwa. Itacen nan mai ƙaya, prozopis, wanda aka shigo da shi a shekarun 1970 don tsayar da rairayi, ya bazu cikin tabki lokacin da ya bushe har ya zama kurmi. Yana yaga koma, yana tare jirgi, yana ɓoye mugu. Saransa aiki ne ga samari, gawayinsa kuma abin sayarwa ne da zai rage saran itatuwan tudu.

Na shida, a bar wa dabba rabonta tun kafin a raba filaye. In ana mayar da mutane garuruwansu, a tambayi tsofaffin masunta inda dorina take fita da inda tsuntsaye suke sauka, a bar waɗannan wurare ba shuka. Wanda dabba ta yi wa ɓarna a je a gani da wuri, a rage masa asara, domin manomin da aka bari da hasara shi kaɗai ba zai ga amfanin dokar da ta hana shi ramawa ba.

A nan ku ƴan uwa da kuka fito ajin yaƙi da jahilci kuna da babban aiki. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa. Ku rubuta ranar da ruwa ya iso garinku da ranar da ya janye, irin kifin da aka fi kamawa da kuɗinsa, ranar da shamuwa ta sauka, wurin da aka ga dorina ko kada, gonar da aka yi wa ɓarna da sunan mai ita. Bayan shekara uku wannan littafi zai zama hujjar da ba mai iya musunta ta gaban mai mulki ko ma'aikacin gona. Ku kuma zauna da tsofaffi ku rubuta abin da suka sani na ruwa da dabba, tun suna da rai, domin yaran da suka girma a gefen kwalta su samu abin gado.

Ku kuma ma'aikata da aka tura wannan yanki, ku san cewa shekarar Bosso ba ta bin kalandar ofis. Taron da aka kira lokacin tsinkar tattasai ba zai cika ba, ajin da aka buɗe sa'ad da masunta suka bi ruwa zai zauna wayam, allurar shanu kuma sai an kai ta inda garke yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku koyi gaisuwa da Barbarci, ku je suna, ku je gaisuwar mutuwa, ku zauna rumfar fatoma ku saurara. Ma'aikacin da ake gani a tabarmar mutane shi ake gaya wa gaskiya.

Sauran ƴan ƙasa kuma, na Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, muna cin tattasan Difa a miya ba mu san fadamar da ta haife shi ba. In hanya ta yi kyau, ya kamata makarantunmu su riƙa kai yara su ga inda kogi yake shiga tabki, su ga saniyar da ke iyo da tsuntsun da ya ƙetaro hamada, domin gani ya kori ji. A fadamar Dagona kusa da Gashuwa, a kan wannan kogi namu, tsuntsaye sun jawo baƙi har Yarima Filib na Ingila a 1989. Gaɓarmu ba ta rasa abin nunawa ba.

Ana auna komowar zaman lafiya da yawan sojoji da yawan buhunan agaji, kuma duka suna da amfani. Mutumin Bosso yana da nasa ma'auni. Zai ce lafiya ta samu ranar da tsohuwa za ta haye kogi da safe ta je sunan jikanta a Malam Fatori ta komo kafin magariba, ranar da fatoma zai rasa wurin shimfiɗa wa baƙi, ranar da masunci zai fita da asuba ba abin da yake tsoro sai dorina. Aikin hukuma da namu duka shi ne mu matso da wannan rana. Allah ya nuna mana.